Bashi Bayan Mutuwar Aure a Saudiyya: Matakan da Ake Bi Kafin a Je Kotu Neman Shaidar Gazawa

Wani maƙwabcina a Shara Mansur, a nan Makka, ya taɓa sallama da ni bayan sallar Isha'i riƙe da jakar leda cike da takardu, wata huɗu da rabuwarsa da uwar 'ya'yansa. A cikin jakar akwai takardar bashin bankin da ya ci lokacin biki, da ta motar da yake biya kashi-kashi, da yarjejeniyar hayar gida, da wata 'yar takarda da tsohon surukinsa ya rubuta adadin ragowar sadakin da aka jinkirta. Ya ce ya ji wani yana bayani a intanet cewa mutum na iya zuwa kotu ya shaida mata ya karye, a yafe masa komai, ya fara sabuwar rayuwa, shi kuma abin da yake so a nuna masa ke nan.

Bayanin da ya ji gaskiya ne, amma na wata ƙasa ne. A Amurka akwai hanyar da mutum ke miƙa wa kotu abin da ya mallaka, a sayar da wanda doka ta yarda a sayar, a raba wa masu binsa, sannan a shafe mafi yawan abin da ya rage. A Ingila ma galibi bayan wata 12 ake sauke wa wanda ya karye nauyin da ke kansa. Ko a can ɗin, kuɗin ciyar da 'ya'ya ba ya cikin abin da ake shafewa. A Saudiyya kuwa tsarin ya ginu ne a kan aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har zuwa lokacin da ya samu sauƙi. Jinkiri aka ce, ba a ce shafewa ba. Bashin ma'aikaci ko na matar gida ba ya mutuwa da hukuncin alƙali. Biya ne ke kashe shi, ko kuma yafewar mai shi.

Kalmomi biyu da ake rikitawa

Akwai iflas, wato karayar ɗan kasuwa, akwai i'isar, wato rashin abin biyan bashi, kuma kowanne da kotunsa. Dokar iflas ta 2018 an yi ta ne domin kamfanoni da mutanen da ke kasuwanci ko wata sana'a ta neman riba, kuma kotun kasuwanci ce ke sauraron ta. Tana da hanyoyin sasantawa da masu bin bashi tun kafin a durƙushe, da na sake tsara harkar kuɗi, da na sayar da kadara a rufe harka, har da sauƙaƙan hanyoyi ga ƙananan 'yan kasuwa waɗanda bashinsu bai wuce riyal miliyan 2 ba. Wanda yake da shago mai rajista da sunansa, kuma bashin shagon ne ya cakuɗe da na gida, wannan ƙofar tasa ce, kuma ba a shigarta sai da lauyan da ya san harkar. Wanda kuwa yake juya dukiyarsa da sunan wani ɗan ƙasa, abin da ake kira tasattur, ya san cewa dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, saboda haka kada ya buɗe baki a gaban kowace hukuma kafin ya zauna da lauya.

Sauran jama'a, wato direba da malamin makaranta da ma'aikacin otal da bazawarar da aka ci bashi da sunanta, hanyarsu ita ce i'isar: alƙalin kotun zartar da hukunci ya bincika ya tabbatar cewa mutum ba shi da abin biya a halin da ake ciki. Dokar zartarwa ta 2012 ce ta tsara wannan, kuma lambobin sassan da zan ambata nata ne. Dokokin ƙasar nan suna shan gyara a 'yan shekarun nan, don haka a sa lauya ya duba nassin da ke aiki a ranar da za a shigar da buƙata. A ganina i'isar mataki ne na ƙarshe, kuma da yawa daga masu tunaninsa ba za su buƙace shi ba idan suka bi matakan da ke gabansa da natsuwa.

Mataki na farko: a san adadin bashin

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kaɗan ne suke iya faɗin nasu daidai idan aka tambaye su. Ka samu littafi guda ka rubuta kowane bashi a shafinsa: sunan mai binka, asalin kuɗin, abin da ya rage, abin da kake biya a wata, da kuma irin takardar da ka sa wa hannu. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, domin takarda ce ke nuna saurin da mai bashi zai iya kai ka gaban alƙali. Wanda yake riƙe da takardar alkawarin biya da ake kira sanad li-amr, ko ta hannu ko wadda aka yi a dandalin Nafith, ba ya buƙatar shigar da ƙara a yi ta zaman shari'a. Kai tsaye yake tafiya kotun zartarwa. Haka ma yarjejeniyar hayar da aka yi wa rajista a dandalin Ejar. Cak ya fi su haɗari, saboda bayar da cak alhali babu kuɗi a asusu laifi ne mai zaman kansa da zai iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3.

Daga nan ka nemi rahotonka na SIMAH, kamfanin da ke tattara bayanan bashin jama'a, ta manhajarsa ta Molim. A nan ne ake ganin katin bashin da aka manta da shi, da kuɗin layin wayar da aka buɗe wa wani da katin shaidarka, da sauran ƙananan basussukan da ba ka ɗauke su a bakin komai ba. Ka duba manhajojin saye-yanzu-biya-daga-baya irin su Tabby da Tamara idan kuna amfani da su a gida. Ka shiga Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, ka ga ko akwai buƙatar zartarwa da aka riga aka shigar a kanka ba ka sani ba, ka kuma tabbatar lambar wayar da ke rajista a Absher, dandalin ayyukan Ma'aikatar Cikin Gida, ita ce a hannunka, domin ta can sanarwar kotu take zuwa, kuma da zarar ta shiga wayar an ɗauka ka samu.

Kada ka bar bashin da babu takarda a kansa: zubin adashi, wanda a nan ake kira jam'iyya, da gwal ɗin da aka ara aka sayar, da kuɗin da ɗan'uwa ya turo daga Kano ko Damagaram lokacin haihuwa. Ba SIMAH ce za ta tuna maka su ba.

Mataki na biyu: a raba na miji da na mata

A shari'ar Musulunci, kuma a dokar Saudiyya, aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata, saboda haka ba ya haɗe bashinsu. Wanda ya sa hannu shi banki ya sani. Wannan ƙa'ida tana kare mutane da yawa, tana kuma cutar da wasu, musamman mata masu albashi waɗanda aka lallaba suka ci bashi da sunansu aka sayi motar da miji ke hawa ko aka ba shi jari. Bayan saki motar tana ƙofar gidansa, kuɗin kuwa daga albashinta ake cirewa duk wata.

Idan wannan ne halinki, kada ki daina biyan banki da hujjar cewa ba ke kika ci kuɗin ba, domin sunanki ne zai ɓaci kuma ke za a hana tafiya. Abin yi shi ne ki ci gaba da biya gwargwadon iko, ki kuma buɗe wata shari'a daban ta neman haƙƙinki daga tsohon mijin. Ki tattara shaidar tura kuɗin daga asusunki zuwa nasa, da saƙonnin WhatsApp da ya ambaci rance ko ya yi alkawarin biya, tunda dokar shaida da ta fara aiki a 2022 ta amince da shaidar da ke cikin waya da kwamfuta. Dokar ta ce mu'amalar da ta haura riyal 100,000 sai da rubutu ake tabbatar da ita, amma ta yi rangwame inda akwai kunya ko nauyin da ke hana a nemi rubutu, kuma ta lissafa zaman aure a cikin irin wannan uzuri. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce mijin ya ce kyauta aka ba shi. Kalma ɗaya ta "zan mayar miki" a cikin tsohon saƙo tana iya raba gardamar, don haka kada a goge hira cikin fushi.

Sai batun tsayawa wani. Kalmar kafili a nan tana da ma'ana biyu, akwai kafilin igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, akwai kuma wanda ya tsaya wa wani a kan bashi, kuma na biyun nake nufi. Saki ba ya warware wannan tsayawar. Idan ka tsaya wa tsohuwar matarka ko ƙaninta, ko ke kika tsaya masa, mai bashi yana nan da haƙƙinsa a kan wanda ya tsaya har a gama biya ko ya amince a sauya wani. A rubuta irin wannan a cikin littafin kamar bashin kai. A kuma shiga Najiz a soke duk wata wakalar da aka taɓa ba juna, a cire sunan wanda ya bar gida daga mitar wuta da layin waya da yarjejeniyar haya.

Mataki na uku: a fara da haƙƙin iyali

Nan ne maza da yawa suke kuskuren lissafi, suna fifita banki saboda banki na kira a waya, suna jinkirta abincin 'ya'ya saboda uwar 'ya'yan tana kawaici. Doka ta juya wannan tsari. Dokar zamantakewar iyali ta 2022 ta mayar da nafaƙar da ke gudana, wato kuɗin ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye, bashi mai fifiko da ake gabatarwa a kan sauran basussuka, ta kuma bar nafaƙar da ta wuce a sahu ɗaya da sauran.

Ga abin da ke kan mai saki. Dole ya yi wa sakin rajista cikin kwana 15 daga lokacin da auren ya yanke. Matar da aka yi wa sakin kome tana da ciyarwa har ta gama idda, wadda aka yi wa saki yankakke kuwa tana da ita idan tana da ciki, har ta haihu. Ragowar sadakin da aka jinkirta ba tare da an sa masa rana ba yana zama abin biya da zarar auren ya yanke. Ciyar da 'ya'ya, da tufafinsu da wurin kwanansu, yana kan uba ko da suna hannun uwarsu. Ga mazauna masu igama akwai ƙarin nauyin kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar magidanci, wanda ya fara da riyal 100 a wata a 2017 ya kai riyal 400 a 2020. Mai 'ya'ya uku yana da riyal 1,200 a wata kafin a sayi ko burodi, kuma a wajen sulhu ya kamata a faɗi ƙarara a ƙarƙashin wa yaran za su zauna.

Alƙali yana yanka nafaƙa ne da duba halin mai bayarwa da buƙatar wanda ake ba, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, saboda haka ka je da takardar albashi da bayanin asusunka na gaskiya. Idan an yanka sannan samunka ya ragu, hanyar ita ce ka nemi a rage, ba ka daina biya ba, kodayake ba a sauraron buƙatar ƙari ko ragi kafin shekara ta zagayo sai da wani dalili na musamman. Ita kuma uwar 'ya'ya ta san cewa jinkiri yana cinye haƙƙi: ba a sauraron neman nafaƙar mata da ta wuce shekara 2 kafin ranar ƙara, ta 'ya'ya kuwa shekara 1 ce. Shari'o'in iyali ba a biyan kuɗin kotu a kansu. Akwai kuma Asusun Nafaƙa da aka kafa a 2017, wanda yake biyan wadda ta cika sharuɗɗansa idan an yanke hukunci ba a samu biya ba, sannan ya bi wanda aka yanke wa.

Mataki na huɗu: a nemi sassauci tun takarda ba ta kai kotu ba

Bayan an ware nafaƙa da haya da abinci, abin da ya saura shi ne ainihin ƙarfin biyanka, kuma da wannan adadin za ka tunkari masu binka, ba da alkawarin da ka san ba za ka iya cikawa ba. Ka fara da banki, a rubuce, ka karɓi lambar buƙatarka ka adana. Ƙa'idojin da Babban Bankin Saudiyya, SAMA, ya fitar a 2018 sun hana abin da ake cira daga albashin ma'aikaci don biyan rance ya wuce kashi ɗaya cikin uku, na ɗan fansho kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sun kuma wajabta wa bankuna su sake tsara biyan bashi ba tare da ƙarin caji ba idan yanayin mutum ya canza ba da zaɓinsa ba, kamar rasa aiki ko ciwon da ya hana shi aiki. Mutuwar aure ita kaɗai ba lallai ne banki ya sa ta a wannan sahu ba, amma hukuncin nafaƙar da ke hannunka hujja ce mai ƙarfi wajen neman a tsawaita lokaci a rage kason wata. Ka lura cewa tsawaitawar da aka yi bisa roƙonka tana iya ƙara jimillar abin da za ka biya, don haka ka nemi a rubuta maka sabon jimillar kafin ka sa hannu. Idan banki ya yi biris ko ya ciri abin da ya wuce ƙa'ida, ana kai ƙorafi ga SAMA.

Motar da ake biya kashi-kashi ta hanyar haya mai ƙarewa da mallaka tana nan da sunan kamfani har a gama, saboda haka a tambaye su sharaɗin miƙa yarjejeniyar ga wani mai so, wanda sau da yawa ya fi a bari su zo su ɗauke ta.

Ga bashin mutane, hanyarmu ta gargajiya tana da amfani matuƙa: a samu dattijo ko limamin da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, a zauna, a faɗi gaskiyar abin da ake da shi. Mutane da yawa sun fi son su karɓi kashi biyu cikin uku a hannu da su yi shekaru suna zirga-zirgar kotu. Sai dai kada a tsaya a fatar baki da shafa fatiha. A kai abin da aka amince dandalin sulhu na Taradhi, domin takardar sulhun da ta fito daga can tana da ƙarfin hukuncin kotu, tana kare mai biya daga a dawo masa da tsohon adadi, tana kuma kare mai karɓa. Waɗanda ba su da takardun zama ba za su iya shiga waɗannan dandali ba. Su dai rubuta sulhunsu da shaidu biyu, su kuma nemi shawarar ofishin jakadancin ƙasarsu, kamar ƙaramin ofishin Najeriya da ke Jidda.

Gargaɗi guda a nan: masu liƙa lambar waya a jikin injin cire kuɗi suna cewa za su biya maka bashinka su fito maka da sabo ba su da lasisi, kuma abin da suke yi shi ne su sa ka sa hannu a sanad li-amr na adadin da ya fi wanda suka ba ka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyar: idan an riga an kai ka kotun zartarwa

Sanarwar farko, wadda da Larabci ake kira ƙarar 34, wato umarni na 34, saboda sashen dokar da ta fito daga ciki, tana ba ka kwana 5 ka biya ko ka bayyana dukiyar da za ta isa biya. Idan kwanakin suka wuce sai a fitar da ta sashe na 46: a hana ka fita ƙasar, a binciko asusunka da kadarorinka a riƙe su, a hana ka ba da wakala a kan dukiya, a kuma sanar da SIMAH. Gyaran da aka yi a Janairun 2020 ya cire dakatar da ayyukan gwamnati na intanet daga matakan alƙalin zartarwa ya bar na hana mu'amalar kuɗi, ko da yake har yau jama'a suna kiran abin da tsohon sunansa na iƙaful khadamat. Ga baƙo mai igama, hana fita ya fi komai ciwo, domin ko aikinsa ya ƙare ba zai iya tattara kayansa ya koma gida ba sai an warware.

Sashe na 21 ya ware abubuwan da ba a taɓawa: gidan da mutum yake ciki da iyalinsa, da abin hawansa, muddin ba su ne jinginar bashin ba, da kayan sana'arsa, da abubuwan buƙatarsa na yau da kullum. A albashi kuwa, ana iya riƙe har rabi saboda nafaƙa, da kashi ɗaya cikin uku saboda sauran basussuka. A ɗauki misalin mai albashin riyal 6,000. Idan banki ne kaɗai ke binsa ta kotu, iyakar abin da za a riƙe 2,000 ne. Idan nafaƙa da sauran bashi suka yi cunkoso, ana ware rabin albashin, wato 3,000, domin nafaƙa, sannan a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na ɗaya rabin, wato 1,000, a raba wa sauran masu bashi, ya tashi da 2,000. Idan aka rufe asusun albashinka gaba ɗaya, ka shigar da buƙata a Najiz tare da takardar shaidar albashi domin a sake maka kason da doka ta bar maka. Har a wannan matakin ƙofar sulhu a buɗe take, kuma mai bashi yana iya ba da wa'adi ta cikin dandalin a sassauta matakan.

Mataki na shida: neman a tabbatar da i'isar

Wanda ya bi duk waɗannan, aka sayar da abin da za a iya sayarwa, kason albashi kuma bai kai ko kusa da bashin ba, ko ma babu albashin, shi ne ya dace ya nemi i'isar. Ana shigar da buƙatar ne a gaban alƙalin zartarwa, kuma sashe na 77 bai ba shi damar dubawa ba sai an kammala binciken dukiya da yi wa mai nema tambayoyi da bin sawun inda kuɗi suka shiga, an kuma yi shelar buƙatar da dalilanta domin duk mai bin sa ko mai sanin wata dukiya tasa ya fito. Wanda yake tunanin zai yi abin a ɓoye ba tare da dangi da abokan hulɗa sun ji ba, ya cire wannan daga ransa.

Tambayar da za ka sha ita ce: ina kuɗin suka tafi? Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin bashin da mutum ya karɓi wani abu a madadinsa, kamar rance ko kayan da ya saya, da wanda bai karɓi dukiya a kansa ba, kamar sadaki ko diyya. A na farko an san dukiya ta shiga hannunka, don haka kai ne za ka nuna yadda ta salwanta. Ka shirya bayanin duk asusunka na banki, da takardar sallama daga aiki idan akwai, da takardun asibiti, da hukuncin nafaƙa, da rasiɗan haya, da mutanen kirki da suka san cikin gidanka waɗanda za su iya ba da shaida. Kuɗin da ka riƙa turawa gida za su fito a bincike, kuma fili ko gidan da ka gina a can dukiya ce. Ka faɗe su da bakinka kafin wani ya faɗa.

Babban abin da ke halaka masu wannan nema shi ne dabarar mayar da mota ko fili sunan uwa ko ƙani ana gab da shiga kotu. Alƙali yana da ikon bin dukiyar da aka sauya wa suna, masu bashi kuma suna iya neman a ɓata kyautar da mutum ya yi alhali bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Idan alamu suka nuna ana ɓoye wani abu, sashe na 78 ya ba da damar tsare mutum domin a gano haƙiƙanin halinsa har tsawon da zai iya kai shekara 5, ana yi masa tambayoyi lokaci-lokaci. Ɓoye dukiya ko fitar da ita don guje wa hukunci laifi ne da ɗaurinsa ke iya kai shekara 7, wanda kuwa aka samu da zamba ko almubazzaranci da dukiya mai yawa ta mutane, nasa yana iya kai 15 ko da an tabbatar ba shi da komai.

Idan alƙali ya gamsu, abin da za ka samu shi ne kariya daga ɗauri saboda wannan bashi, da sararin neman abinci ba tare da ana jan rigarka kullum ba. Abin da ba za ka samu ba shi ne wankewa: sashe na 81 ya ce a riƙe dukiyar da za ta shigo maka nan gaba, a sanar da masu tattara bayanan bashi halin da kake ciki, kuma mai binka yana da damar dawowa duk ranar da wata dukiya ta bayyana, gado ne ko kuɗin sallamar aiki. Samun sabon rance ko sayen abu kashi-kashi zai yi wuya matuƙa. Nafaƙar 'ya'ya kuma tana nan, sai dai a daidaita ta da hali.

Mataki na bakwai: taimako da rufe fayil

Wanda bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba zakka, don haka babu abin kunya a sanar da mawadatan dangi, kuma ya fi kyau su biya mai bashin kai tsaye a karɓi rasiɗi. Akwai shirin Furijat da aka fara a 2019 domin biya wa waɗanda ke tsare saboda bashi, da shirin Tayassarat a dandalin Ehsan domin waɗanda hukuncin biya ya hau kansu. Kowanne yana da sharuɗɗansa, kuma sadakar jama'a ce ke cika su, saboda haka ba abin da za a gina lissafi a kansa ba ne.

Duk bashin da aka gama biya ko aka yafe, a karɓi takardar wankewa, wadda ake kira mukhalasa, a kuma karɓo asalin sanad ko cak ɗin da aka bayar, ko a tabbatar an rufe shi a Nafith. Bayanin jinkirin biya yana iya zama a rahoton SIMAH har shekara 5 bayan an warware, amma ya kamata ya nuna cewa an biya. Idan bai nuna ba, a shigar da ƙorafin gyara. Maƙwabcin nan nawa bai kai ga i'isar ba: ya miƙa motar ga wani, tsohon surukinsa ya amince a raba ragowar sadakin kashi-kashi a takardar sulhu, banki kuma ya tsawaita masa lokaci. Da ya tashi zuwa ganin mahaifiyarsa, sai da ya shiga Najiz ya ga an rufe buƙatar zartarwar da mai gidan haya ya shigar, ya kuma duba Absher ya tabbatar an ɗage hanin tafiya, sannan ya sayi tikiti.